Idan Banki Ya Durƙushe, Wa Ke Biya? Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihin Rikicin Bankuna

Ranar 3 ga Yuni, 2024, Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin bankin Heritage. Tun daga ranar ake ta maimaita tambayoyi iri ɗaya a majalisun hira da zaurukan WhatsApp, wasu cikin fargaba, wasu cikin fushi. Na tattaro waɗanda suka fi yawan dawowa, na amsa su da abin da tarihi ya nuna, namu na gida da na ƙasashen da muka aro tsarin daga gare su.

Ba ajiya na kai ba? Ta yaya za a ce kuɗina sun ƙare a banki?

Matsalar tana cikin kalmar "ajiya" ɗin kanta. Mu idan aka ce ajiya, abin da ke zuwa zuciya shi ne kayan da ka ba wani ya riƙe maka, ka dawo ka same su yadda ka bar su. Banki ba haka yake aiki ba. Ranar da ɗan kasuwar Kantin Kwari ya zuba naira miliyan ɗaya a asusunsa, a shari'ance rance ya ba bankin. Bankin zai riƙe wani kaso, babban banki ya riƙe wani, sauran a ba wani mai masana'anta ko ɗan kwangila bashin da ba zai dawo ba sai bayan shekara uku ko biyar. Shi kuwa mai ajiya an yi masa alkawarin duk ranar da ya ga dama ya zo ya karɓa.

Alkawarin yana cika ne saboda ba kowa ke zuwa rana ɗaya ba. Idan aka wayi gari kowa ya zo, babu bankin da zai iya biya, komai lafiyarsa.

Daga nan cutar banki ta kasu biyu, kuma duk tarihin da zai biyo baya a kan bambance su yake. Akwai manomin da rumbunsa cike yake da gero amma ba shi da ko sisi a aljihu yau. Wannan idan ka ranta masa zai biya ka bayan cin kasuwa. Akwai kuma wanda rumbunsa a tsaye yake daga waje, ciki kuwa gara ta cinye. Na farko ƙarancin tsabar kuɗi ke damunsa, na biyu ya karye. Wahalar ita ce a ranar da ake rububi a bakin ƙofa, su biyun kama suke yi, kuma kowane manaja rantsuwa zai yi cewa shi na farkon ne.

A ina wannan sana'a ta samo asali?

Bayar da rance da riƙe amanar kuɗi sun girmi kowace daula da muka sani. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa 'yan kasuwa suna amfani da takardar da ake kira suftaja: ka ba da kuɗi a wannan gari, ka karɓa a wancan, ba tare da ka ratsa daji da zinariya ba. Amma banki a siffarsa ta yau ya fi kama da abin da ya tashi a biranen Italiya, inda 'yan canji ke zama a kan benci a kasuwa. Daga sunan bencin nan a harshensu kalmar banki ta fito.

Abin lura shi ne durƙushewa ta zo tare da sana'ar tun farko. Gidajen Bardi da Peruzzi na birnin Florence su ne manyan masu kuɗin Turai a zamaninsu, suka ranta wa Sarkin Ingila Edward na Uku maƙudan kuɗi don yaƙi da Faransa, bai biya ba, suka karye a shekarun 1340. Bankin Medici da aka kafa a 1397 shi ma bai cika shekara ɗari ba, kuma bashin sarakuna na cikin abin da ya ci shi. A Landan kuwa maƙeran zinariya ne suka fara karɓar ajiya suna ba da rasit, mutane suka koma ciniki da rasit ɗin, maƙeran suka gane za su iya rubuta rasit fiye da zinariyar da ke cikin akwati. Bankin Ingila kansa an kafa shi a 1694 don a ranta wa gwamnati fam miliyan 1.2 na yaƙi. Mai mulki da mai banki tun ran gini suke cin tuwo a kwano ɗaya.

Mu Hausawa a ina muke ajiya kafin zuwan banki?

A hannun mutane. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna sauka wurin mai masauki a zango, shi ke riƙe musu dukiya, ya tsaya musu a kan bashi, ya haɗa su da dillalai. Jarinsa sunansa ne. Ranar da aka ji ya ci amanar baƙo ɗaya, ayari ya daina sauka gidansa. Kuɗin zamanin wuri ne, kuma nauyinsa kaɗai ya isa ya koya wa mutum ciniki da bashi, tunda keso guda wuri 20,000 ne. Ga adashi, ga tulun da ake binnewa a ƙuryar ɗaki, ga dabbobi da mata ke kiwo a matsayin asusu.

Bankin Bature ya sauka Legas a 1892, sannan a 1894 aka kafa Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank na yau. Aikinsa na farko shigo da sulallan azurfa ne da hidimar gwamnati da kamfanonin Turawa. Labarin da Kanawa ke yawan bayarwa shi ne na Alhassan Ɗantata, wanda a 1929 ya kai wa reshen bankin na Kano sulallan azurfa lodin raƙuma ashirin. Sai dai waɗannan bankuna sun fi son karɓar ajiyar baƙar fata a kan ba shi rance, kuma wannan ƙorafi ne ya haifi bankunan 'yan ƙasa.

Yaushe bankunan Najeriya suka fara rushewa?

Da wuri ƙwarai. Bankin 'yan ƙasa na farko, Industrial and Commercial Bank, an buɗe shi a 1929, ya rufe a 1930. A lokacin babu dokar banki ko guda. Duk wanda ya yi rajistar kamfani ya kafa allo zai iya karɓar kuɗin jama'a. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuɗin koko da gyaɗa suka yawaita, bankuna suka riƙa tsirowa kamar ciyawar damina, musamman a Legas. Zuwa 1954 akasarinsu sun mutu da kuɗin mutane. Kaɗan ne suka tsira, irin su National Bank da Agbonmagbe, wanda ya zama Wema, da African Continental Bank na Azikiwe, su ma da taimakon kuɗin gwamnatocin yankunansu.

Dokar banki ta farko ta zo a 1952, ta wajabta lasisi da mafi ƙarancin jari. Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, kuma ɗan ƙasa na farko da ya shugabance shi Aliyu Mai-Bornu ne, daga 1963. A Arewa kuma aka kafa Bank of the North daf da samun 'yancin kai.

Da ake cewa babban banki shi ne madogara ta ƙarshe, me ake nufi?

Wannan darasi Landan ce ta koye shi da jiki. A watan Mayun 1866 wani babban gidan kuɗi mai suna Overend, Gurney ya nemi agaji daga Bankin Ingila. Aka duba littattafansa aka ga ruɓaɓɓe ne, aka ƙi. Washegari titin bankuna ya cika maƙil, kowa yana neman kuɗinsa, har daga bankunan da ba su da laifin komai. Sai Bankin Ingila ya buɗe ƙofa ya yi ta ba sauran rance har ƙura ta lafa. Wani ɗan jarida, Walter Bagehot, ya tsara abin a rubuce a 1873: idan tsoro ya kama kasuwa, babban banki ya ba da rance ba ƙyashi, ga wanda ke da jingina mai kyau, a kan ruwa mai tsada don kada masu son banza su yi layi. Wato a ceci mai cikakken rumbu, a bar wanda gara ta cinye.

Amurka ta daɗe ba ta da babban banki. A rikicin 1907 attajiri J. P. Morgan ne ya tara manyan masu bankunan New York a ɗakin karatunsa, ya kulle ƙofa, ya ce ba mai fita sai an yi karo-karon ceto. Ganin ba kullum za a samu irinsa ba ya sa aka kafa babban bankinsu a 1913. Amma samun babban banki daban, ya yi aikinsa daban. Tsakanin 1930 da 1933 ya naɗe hannu bankuna wajen 9,000 suka mutu. Da Shugaba Roosevelt ya hau mulki a Maris 1933, sai ya rufe dukkan bankunan ƙasar na mako guda, aka tantance su, ya shiga rediyo ya bayyana wa talakawa yadda banki ke aiki cikin harshe mai sauƙi. Ranar da aka sake buɗewa, mutane layin mayar da kuɗi suka yi. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar inshorar ajiya, wadda ta fara da lamunin dala 2,500 ga kowane mai asusu.

To mu ma muna da irin wannan inshora?

Muna da ita. Hukumar inshorar ajiya ta Najeriya, NDIC, an kafa ta da dokar soja a 1988, ta fara aiki a 1989. Bankuna ke biyan kuɗin inshorar, ba a cirewa daga asusunka kai tsaye. Iyakar abin da take lamuncewa ta fara da naira 50,000, ta koma 200,000 a 2006, ta koma 500,000 a 2010, sannan a Mayun 2024 aka ɗaga ta zuwa miliyan 5 ga manyan bankuna, miliyan 2 ga ƙananan bankunan al'umma.

A nan ina da ƙorafi. Lokacin da aka yanka naira 50,000, dala ba ta kai naira biyar ba, wato lamunin ya haura dala 10,000. Aka bar adadin nan a daskare shekara goma sha takwas, naira tana zubewa. Zuwa 1998, da dala ta haura naira tamanin a kasuwa, lamunin bai fi dala 600 ba. A shekarar nan na raka wani kawuna, ɗan kasuwar fata, zuwa reshen bankinsa. Muka tarar da kwaɗo a ƙofa, da takarda an manna da gam, da ɗan sanda zaune a kan benci yana cin rake. Kawu ya ciro littafin ajiyarsa daga cikin ledar da yake naɗe shi, ya riƙa nuna wa ɗan sandan lambar da ke shafin ƙarshe, kamar shi ne kashiya. Daga baya an biya shi dubu hamsin ɗinsa. Ragowar ta riƙa zuwa kaɗan-kaɗan cikin shekaru, lokacin da kuɗin da zai sayi mota ya koma na keke.

Me ya kashe bankuna da yawa haka a shekarun 1990?

Bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 an sassauta ba da lasisi. Bankuna suka tashi daga kusan 40 zuwa kusan 120 cikin 'yan shekaru. Da yawansu ba don karɓar ajiya da ba da rance aka kafa su ba. Canji suka zo yi. Ka sayi dala a farashin gwamnati, ka zagaya ka sayar a kasuwar bayan fage, riba ta faɗo ba gumi. Bankunan gwamnatocin jihohi kuwa gwamnoni suka mai da su aljihun baya. A 1989 gwamnati ta kwashe ajiyar ma'aikatunta ta mayar babban banki, asirin wasu ya fara tonuwa. Rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993 ya sa mutane kwashe kuɗi suna komawa garuruwansu, ya ƙarasa wasu.

Amma babban makashin, wanda rahotannin hukuma suka yi ta nanatawa, bashin 'yan gida ne: daraktoci da masu bankin suna ranta wa kansu da kamfanoninsu kuɗin jama'a ba jingina, ba niyyar biya. Da ɗan gari akan ci gari. Gwamnatin Abacha ta kafa kotunan musamman da doka mai lamba 18 ta 1994, aka tsare shugabannin bankuna da dama, wasu suka tsere ƙasashen waje. An ƙwato kuɗi, an kuma zalunci wasu da suka daɗe a tsare ba shari'a. A Janairun 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya.

Ba an ce haɗe bankuna da Soludo ya yi ya magance matsalar ba?

Ya magance wata, ya buɗe wa wata ƙofa. A Yulin 2004 Charles Soludo, gwamnan babban banki na lokacin, ya ba bankuna wa'adin wata goma sha takwas su ɗaga jarinsu daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25. Daga 89 aka koma 25. A nan ne Bank of the North ya narke cikin Unity Bank tare da wasu takwas. Bankunan da suka fito sun fi ƙarfi, wannan gaskiya ne. Sai dai sun wayi gari da kuɗi jibge a hannu, ga masu hannun jari suna jiran riba, ga masu sa ido ba su ƙaru da ƙwarewa daidai da girman abin da suke gadi ba.

Me ya faru a 2009? Rikicin Amurka ne ya iso mu?

Iskar daga can ta taso, amma ginin da ta rushe da ma a tsage yake. Bankunanmu ba su sayi takardun bashin gidajen Amurka da suka kashe bankin Lehman Brothers a Satumbar 2008 ba. Abin da suka yi na gida ne. Sun riƙa ba mutane rance don su sayi hannun jari, sau da yawa hannun jarin bankin da ya ba da rancen, jinginar kuma ita ce takardar hannun jarin kanta. Farashi yana hawa saboda ana saye, ana saye saboda farashi yana hawa. Wanda ya rayu a lokacin zai tuna yadda malaman makaranta da 'yan fansho da matan aure suka riƙa cika fom ɗin sayen hannun jari a kantar banki, ana nuna musu jadawalin da kibiyarsa ke kallon sama kawai. Wani babban kaso kuma aka ba masu shigo da man fetur.

Kasuwar hannun jari ta kai ƙololuwa a Maris 2008, sannan baƙin masu zuba jari suka fara janyewa. Cikin shekara guda ta zubar da kusan kashi biyu cikin uku na darajarta. Gangar ɗanyen mai ta faɗo daga dala 147 a Yuli zuwa ƙasa da 40 a Disamba. Jinginar ta zama takarda. Wasu bankuna suka koma rayuwa da rancen babban banki, kullum suna bakin tagarsa, alhali a rahotonsu na shekara riba suke shelantawa.

Sanusi Lamiɗo Sanusi ya karɓi babban banki a Yunin 2009, kuma da yake tsohon jami'in kula da haɗarin bashi ne, ya san inda ake ɓoye gawa. Ya tura masu bincike. Ranar Juma'a 14 ga Agusta ya sauke shugabannin bankuna biyar, Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union, ya zuba musu naira biliyan 420. A Oktoba aka ƙara da Bank PHB da Spring da Equitorial Trust, jimillar kuɗin ta kai biliyan 620. Aka buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu, abin da ya girgiza Legas fiye da sauke shugabannin, don sunaye ne da aka saba gani a sahun gaba wurin taro. Shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi a 2010, aka yanke mata wata shida, aka ƙwace kadarorin da suka haura dala biliyan ɗaya.

An zargi Sanusi da ajandar Arewa, an ce yana so ya miƙa bankunan Kudu ga 'yan uwansa. Wanda ya bi inda bankunan suka ƙare zai ga zargin bai tsaya ba: Access ya haɗiye Intercontinental, Ecobank ya ɗauki Oceanic, FCMB ya ɗauki Finbank, Sterling ya ɗauki Equitorial Trust. Sukar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta ƙananan masu hannun jari, waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba, dukiyarsu ta tafi. Ukun da suka kasa samun mai saye, Afribank da Bank PHB da Spring, an karɓe su ranar 5 ga Agusta, 2011, aka wayi gari da sababbin alluna: Mainstreet da Keystone da Enterprise. Masu hannun jarinsu sun tashi a tutar babu. Mai ajiya kuwa ko kwabo bai rasa ba.

Kuɗin ceton daga aljihun wa suka fito?

Jami'ai suna son cewa ba a taɓa kuɗin haraji ba. Rabin gaskiya ce. Biliyan 620 ɗin rance ne daga babban banki, wanda shi ke ƙirƙirar naira. Babban nauyin kuma an ɗora shi a kan AMCON, kamfanin da aka kafa a 2010 don ya saye ruɓaɓɓen bashi daga bankuna. Ya sayi basussuka sama da 12,000 da darajarsu a takarda ta haura naira tiriliyan 3, ya kuma cike ramin jarin bankunan da aka ceto. Ba da tsabar kuɗi ya biya ba, da takardun lamuni ne waɗanda gwamnatin tarayya ta tsaya musu.

An tsara zai ƙwato bashin ya naɗe tabarmarsa cikin shekara goma. Har yau yana nan, yana bin tiriliyoyi, kuma kaso mafi tsoka yana hannun 'yan ɗaruruwan mutane masu manyan lauyoyi. Ta haka ya wayi gari yana tafiyar da kamfanin jirgin sama na Arik daga 2017. Bankuna suna biyan kashi 0.5 cikin ɗari na dukiyarsu duk shekara don cike giɓin, su kuma suna fanshewa daga ruwan da suke ɗora wa mai karɓar rance da ɗan abin da suke ba mai ajiya. Ka bi zaren har ƙarshe, za ka tarar da kanka.

Duk da haka ban ce kada a yi ceton ba. Bankunan nan suna riƙe da kaso mai yawa na ajiyar ƙasar. Da an bar su sun faɗi, da albashi da cinikin kasuwa sun tsaya cik. Haɗarin ceto shi ne abin da yake koya wa mai banki na gaba: riba tawa, asara ta kowa. Maganinsa kaɗai shi ne wanda ya jawo ɓarnar ya ji a jikinsa, kuma shari'un wasu daga cikin shugabannin 2009 sun shafe fiye da shekara goma a kotu.

Me ya sa aka ceci bankin Skye a 2018 amma aka rufe Heritage a 2024?

Girma. Skye babba ne, sai aka mai da shi Polaris cikin dare, AMCON ya zuba kuɗi, masu ajiya suka ci gaba da harkarsu. Heritage ƙarami ne, hukuma ta ga faɗuwarsa ba za ta ja wasu ba. NDIC ta bi lambar BVN, wato lambar tantance mai asusu, ta tura wa mutane kuɗinsu, har zuwa miliyan 5, a asusunsu na wasu bankuna, kuma wannan ya wadatar da mafi yawan masu asusu. Masu fiye da haka sai jiran a sayar da gine-gine a ƙwato bashi. Rabon farko da aka yi musu a 2025 kwabo 9.2 ne a kan kowace naira. Akwai rashin adalci a nan wanda ba a cika faɗa ba: mai miliyan ɗari a babban banki yana da lamunin da ba a rubuta ba, takwaransa na ƙaramin banki ba shi da shi.

Wahalar kuɗin da aka sha a farkon 2023 ita ma durƙushewar banki ce?

A'a. Bankuna lafiyarsu ƙalau a lokacin. Babban banki ne ya janye tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 bai buga sababbi isassu ba. Layin ya yi kama da na rububi, har an ƙona rassa a wasu garuruwa, amma kuɗin suna nan a asusu, takardar ce babu.

Bankin Musulunci fa, shi ma yana iya faɗuwa?

Yana iya. Barin kuɗin ruwa da ɗaure kowace mu'amala da kaya na zahiri yana toshe wasu hanyoyin ɓarna, musamman caca da takardu. Amma wanda aka sayar wa kaya bashi ta hanyar murabaha zai iya ƙin biya, darakta zai iya karkatar da kuɗi zuwa kamfaninsa, masu ajiya za su iya firgita. A Turkiyya gidan kuɗin Ihlas Finans ya rushe a 2001, kuma babban dalilin shi ne zuba kuɗin jama'a a kamfanonin masu gidan. A Najeriya, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, irin waɗannan bankuna suna ƙarƙashin sa idon babban banki, kuma NDIC tana lamunce ajiyarsu daga wani asusu da aka ware musu.

Maƙwabtanmu sun ga irin wannan?

Sun gani. A Nijar babban bankin raya ƙasa, BDRN, ya durƙushe a 1990 saboda bashin da manya suka ci, aka kafa Sonibank a kan abin da ya saura. A shekarar ce ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma suka kafa hukumar sa ido ta bai ɗaya, don kusan kowacensu ta ga irin haka. A Ghana an soke lasisin UT Bank da Capital Bank a Agustan 2017, shekara guda bayan nan aka haɗe wasu biyar aka yi Consolidated Bank Ghana. Gwamnati ta ci bashin biliyoyin sidi don biyan masu ajiya, nauyin da ya ƙaru a kan bashin da ya durƙusar da ƙasar a 2022.

Yanzu da komai ya koma waya, rububin banki ya wuce ke nan?

Sauri ya ƙara. A Maris 2023 masu ajiya a Silicon Valley Bank na Amurka sun janye dala biliyan 42 cikin yini ɗaya, akasarinsu ba su taka ƙofar reshe ba. Jita-jitar da a da take kwana uku kafin ta zaga Sabon Gari, yau saƙon murya ɗaya ne. Bayan rufe Heritage an yi ta yaɗa jerin sunayen bankunan da wai su ne na gaba, har sai da babban banki ya fito ya ƙaryata.

Sabon jarin da aka ce bankuna su tara zai hana sake faruwar haka?

A Maris 2024 aka yanka naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa, biliyan 50 ga na yanki, da wa'adin shekara biyu. Dole ce ta sa, don faɗuwar naira ta zaizaye biliyan 25 ɗin Soludo. Jari katanga ce da ke shan asara kafin ta iso ga mai ajiya. Abin da zan sa wa ido shi ne shekaru uku ko huɗu bayan an tara kuɗin, wa ake ba, da wace jingina. Tazarar da ke tsakanin 2005 da 2009 ke nan.

Ni mai ƙaramin ƙarfi me zan yi?

Fara da tabbatar da cewa inda kake zuba kuɗi yana da lasisin babban banki da lamunin NDIC. Sunayen suna shafinsu na intanet, tambarin kuma yana manne a ƙofar reshe. Masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda ba sa cikin wannan lissafi. Waɗanda shirin ninka kuɗi na MMM ya kulle wa kuɗi a Disambar 2016 ba su da ofishin da za su kai kuka.

Lamunin miliyan 5 na kowane mutum ne a kowane banki, ba na kowane asusu ba. Asusu uku a banki ɗaya haɗe su ake yi a lissafa. Idan kuɗinka sun haura haka, raba su bankuna biyu ko uku. Wannan ya fi shafar ma'ajin ƙungiya, da uwar adashi, da kwamitin ginin masallaci, waɗanda ke tara kuɗin mutane da yawa da suna ɗaya. Idan kana da bashin bankin da ya rufe, bashin bai mutu ba, za a cire daga ajiyarka a bi ka sauran. Ka kuma riƙe asusu na biyu a wani banki, ka duba cewa sunan da ke kansa ya yi daidai da na BVN ɗinka harafi da harafi. A biyan kuɗin Heritage, waɗanda suka fi daɗewa suna jira sun haɗa da marasa asusu na biyu da waɗanda bayanansu suka saɓa, irin mai Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan.